Fakewa da Guzuma: Batun Duniya Mafi Kyawu da Masu Cin Amanarsa

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo tsakanin malaman tauhidi da masana falsafa, wadda ke cewa wannan duniya da muke ciki, da daɗinta da ɗacinta, ita ce mafi kyawun duniyar da za ta iya samuwa. Magana ce mai nauyi, wadda manyan masu tunani suka shafe ƙarnuka suna kai ruwa rana a kanta. Sai dai a wurinmu yau ta faɗa hannun mutane iri biyu, kuma babu wanda ya riƙe ta da amana a cikinsu. Na farko shi ne mai riƙe da alhakin jama'a, wanda idan gini ya rufta, ko kwalekwale ya kife saboda an yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa, sai ya zuba babbar riga ya tafi ta'aziyya, ya ce haka Allah ya so, a shafa fatiha a tashi. Na biyu shi ne ɗalibin da ya leƙa taƙaitaccen bayanin littafin Candide na Voltaire a daren jarrabawa, ya fito yana ganin ai tun ƙarni na sha takwas aka gama da zancen hikimar Ubangiji. Da su biyun muke, amma mun fi kaifafa alƙalami a kan na farko, domin dariyar ɗalibi ba ta kashe kowa, sakacin mai iko kuwa makabarta yake cikawa.

Adalci ne a ji magana daga wajen mai ita kafin a yanke mata hukunci. Gottfried Wilhelm Leibniz Bajamushe ne, an haife shi a Leipzig a 1646, ya rasu a Hanover a 1716. A 1710 ya fitar da littafinsa Théodicée cikin harshen Faransanci, yana mai da martani ga Pierre Bayle, wanda ya ce hankalin ɗan Adam ba zai iya sulhunta alherin Allah da samuwar sharri ba. Hujjar Leibniz tana tafiya daki-daki. Allah masani ne, saboda haka duk wata duniya da za ta iya samuwa, da tsarinta da tarihinta tun daga farko har ƙarshe, tana cikin saninsa. Allah mai iko ne, saboda haka babu wadda za ta gagare shi samarwa a cikinsu. Allah mai hikima ne mai alheri, kuma mai hikima ba ya zaɓi ba tare da dalili ba, ba ya kuma barin mafi kyau ya ɗauki wanda bai kai shi ba. Tunda kuwa wannan ce ya zaɓa, to ita ce mafi kyawu, ko da mu da muke tsugune a wani lungu nata ba mu ga hakan ba.

Ya kamata mai karatu ya lura da abin da mutumin yake nufi da kyawu, domin a nan mafi yawan masu yi masa dariya suke tuntuɓe. Bai ce ita ce duniyar da ta fi kowace daɗin zama ga ɗan Adam ba. Ma'auninsa shi ne tsari: duniyar da dokokinta suka fi sauƙi, abin da suke haifarwa kuma ya fi yawa da yalwa. Bugu da ƙari, bai musanta sharri ba, har ma ya kasa shi uku: tawayar da ke tattare da duk wani abin halitta don kawai shi ba Mahalicci ba ne, da wahalar jiki irin ciwo da yunwa, da kuma zunubin da mutum ke aikatawa da zaɓinsa. Abin da ya dage a kai shi ne, ba a auna kyawun sassaƙa ta hanyar duban ɓarɓashin da ya zuba a ƙasa, kuma wanda ya ga zare ɗaya bai ga saƙa ba.

Abin takaici shi ne yadda muke koyar da wannan muhawara tamkar baƙuwa ce da ta zo mana daga Turai, alhali kuwa kimanin shekara 600 kafin littafin Leibniz an tayar da ita a gidanmu. Imam Gazali, wanda ya rayu daga 1058 zuwa 1111, ya kawo ta a cikin Ihya'u Ulumiddin, a babin tauhidi da tawakkali. Ma'anar abin da ya faɗa ita ce, babu wani tsari da zai fi wanda ake ciki kyau da cika, domin in da akwai shi, Allah yana da ikon yin sa amma ya ƙi, to wannan rowa ce, ita kuwa ba ta dace da Mai kyauta ba. In kuma ba shi da ikon yin sa, to gazawa ce, ita ma ba ta dace da Ubangiji ba. Wanda ya ajiye wannan hujja kusa da ta Leibniz zai ga kamar uwa ɗaya ta haife su.

Malamai ba su karɓi maganar da hannu bibbiyu don girman mai ita ba. Alƙali Abubakar Ibnul Arabi, Bamalike na Ishbiliya a Andalus, wanda ya yi karatu a gaban Gazali kansa, ya ƙi ta. Ibnul Munayyir na Iskandariya ya yi mata raddi a ƙarni na sha uku. Burhanuddin Biƙa'i, wanda ya rasu a 1480, ya wallafa littafi sukutum don rushe ta, sannan Jalaluddin Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, ya wallafa nasa don kare ta. Wannan Suyuɗin kuwa ba baƙo ba ne a tarihinmu, domin shi ne ya aika wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha. An ci gaba da ja-in-ja har ƙarni na sha takwas, lokacin da Murtala Zabidi ya sake duba mas'alar a sharhinsa na Ihya'u, kuma a 1984 Eric Ormsby ya tattara tarihin rigimar a littafi guda. Ke nan ɗalibin da ke jin tsoron wannan tambaya don kada imaninsa ya girgiza, tsoron gadon gidansu yake yi.

Me ya sa masu sukar Gazali suka tayar da jijiyar wuya? Saboda sun ji ƙanshin Mu'utazilanci a cikin maganar. Mu'utazilawa sun tafi a kan cewa wajibi ne ga Allah ya yi wa bayinsa abin da ya fi zama maslaha a gare su. Ana ba da labarin yadda Abul Hasan Ash'ari ya ƙure malaminsa Jubba'i da misalin 'yan'uwa uku: ɗaya ya girma ya mutu mai biyayya, ɗaya ya girma ya mutu mai saɓo, ɗaya ya mutu yana ƙarami. Idan ƙaramin ya tambayi dalilin da ya sa ba a bar shi ya girma ya sami darajar wansa ba, sai a ce masa an san da ya girma da ya lalace, saboda haka ɗauke shi shi ne maslaharsa. To, me za a ce wa mai saɓon idan ya ɗaga murya ya ce shi don me ba a ɗauke shi yana ƙarami ba? An ce a nan malamin ya yi shiru. Wannan ne ya sa littattafan tauhidin da ake karantawa a zaurukanmu, irin Ummul Barahin na Sanusi, mutumin Tilimsan da ya rasu a 1490, suka tsaya a kan cewa aikata duk wani mai yiwuwa ko barinsa abu ne da ya halatta ga Allah, babu mai wajabta masa komai.

A namu ganin, masu sukar sun fi kusa da gaskiya, saboda dalilai guda uku. Na ɗaya, hujjar ta ɗauka cewa lallai akwai wata duniya da ta fi kowace, alhali babu abin da ya tabbatar da haka. Babu adadin da ya fi kowane adadi girma, kowanne aka ambata ana iya ƙara masa ɗaya. Idan duniyoyi masu yiwuwa haka suke, to neman mafi kyawu kamar neman ƙarshen ƙirga ne, kuma rashin samar da abin da ba ya samuwa ba rowa ba ce, ba gazawa ba ce. Leibniz ya san da wannan rami, shi ya sa a ƙarshen littafinsa ya kwatanta duniyoyin da dala mai ƙololuwa a sama maras gindi a ƙasa. Amma kwatance ba ya zama hujja. Na biyu, idan hikima ta tilasta zaɓi guda tilo, ina iradar da muke siffanta Allah da ita? Na uku, kuma shi ne ya fi shafar rigimarmu ta yau, wannan hujja daga sama take saukowa, daga siffofin Allah zuwa duniya. Ba a gina ta a kan duban abin da ke faruwa a ƙasa ba. Saboda haka duk abin da ya faru ya dace da ita. In gini ya faɗi, ya dace da ita. In ya tsaya, ya dace da ita.

A nan ne asirin mai fakewa yake tonuwa. Maganar da ta dace da komai ba ta iya wanke kowa. Idan ruftawar gini tana cikin tsarin duniya mafi kyawu, to binciken da zai biyo baya, da kotun da za ta zauna, da ɗaurin da za a yi wa wanda ya rage ƙarfen ya cika yashi, duk suna cikin tsarin nan guda. Ta yaya za a karɓi rabin ƙaddara a mayar da rabi? Wanda ya ce mutuwar leburori nufin Allah ce, amma gurfanar da ɗan kwangila shisshigi ne, ba tauhidi yake karewa ba, guzuma ya samu ya fake da ita don ya harbi karsana.

Shi kansa Leibniz bai yarda a yi wannan amfani da maganarsa ba. A gabatarwar littafinsa ya soki abin da tsofaffin Girkawa ke kira hujjar malalaci, wato a ce tunda abin da zai faru zai faru, babu amfanin kiran likita. Ya nuna cewa an ƙaddara sakamako ne tare da sababinsa, wanda aka rubuta zai warke an rubuta masa shan magani. Rayuwarsa ma shaida ce: mutumin da ya fitar da sabon reshen lissafi a 1684, ya ƙera na'urar ƙirga, ya shafe shekaru yana fama da yadda za a janye ruwa daga ramukan haƙar azurfa na tsaunukan Harz, ya kuma kafa cibiyar kimiyya ta Berlin a 1700, ba za a ce ya naɗe hannu ba. Amma ga inda maganar take mana ciwo: da ya tashi raɗa wa wannan lalaci suna, sai ya jingina shi ga Musulmi, yana cewa Turkawa ba sa guje wa garin da annoba ta sauka. Ƙage ne, kuma tarihi ya ƙaryata shi tun kafin a haife shi. A zamanin annobar Amwas, wajen shekara ta 18 bayan Hijira, Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham. Da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya nuna masa cewa inda ya nufa ma ƙaddarar ce, ya buga masa misali da makiyayin da ya sami kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya busasshe, duk inda ya kora raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kora su. Tambayar da ta rage mana ita ce, halinmu na yau shaidar wa yake bayarwa, Umar ko mai ƙagen?

Shekara 39 bayan rasuwar Leibniz, duniya ta gwada maganarsa. A safiyar 1 ga Nuwamba, 1755, ranar wani babban idin Kirista, majami'u cike da mutane, girgizar ƙasa ta afka wa Lisbon, babban birnin Fotugal. Waɗanda suka tsira suka ruga bakin ruwa, teku ta taso ta haɗiye su. Abin da ya rage wuta ta ci kwana da kwanaki. Dubun dubatar mutane suka halaka. Amsoshin da aka bayar a lokacin su ne dai muke maimaitawa har yau. Wani limamin Kirista mai suna Gabriel Malagrida ya wallafa takarda a 1756 yana cewa azaba ce saboda zunuban birnin, tuba ya kamata a sa gaba. Voltaire ya rubuta doguwar waƙa yana tambayar laifin da jarirai suka yi, da kuma ko mutanen Lisbon sun fi na Paris da Landan saɓo. Jean-Jacques Rousseau ya aika masa wasiƙa ranar 18 ga Agusta, 1756, yana tunatar da shi cewa mutane ne suka cusa dubban gidaje masu hawa shida da bakwai a wuri guda, kuma da yawa sun mutu ne garin komawa ɗauko dukiya. Shi kuwa wazirin sarki, wanda daga baya aka sani da Pombal, sai ya sa aka binne matattu, aka ciyar da rayayyu, aka aika wa gundumomi tambayoyi kan tsawon lokacin girgizar da yadda ruwa ya tashi, sannan aka sake gina tsakiyar birnin da gidaje masu ƙashin katako a cikin bango, waɗanda ke lanƙwasa ba su karye ba. Mutum ne mai ƙarfin hannu da rashin tausayi ga abokan hamayya, a zamaninsa aka kashe Malagrida a 1761, kuma ba ma wanke shi daga wannan. Amma gine-ginensa suna nan tsaye.

Zamaninmu ya ƙara tabbatar da gaskiyar Rousseau. Ranar 12 ga Janairu, 2010, girgiza mai ƙarfin maki 7.0 ta afka wa Haiti, ta kashe mutane fiye da dubu ɗari. Ranar 27 ga Fabrairu na wannan shekarar, wata mai maki 8.8, wadda ƙarfinta ya ninka na farkon kusan sau 500, ta afka wa Chile, ta kashe ɗari biyar da 'yan kai. Gaskiya ne ta Haiti ta tashi ne dab da babban birni mai cunkoso, amma wannan kaɗai bai isa ya bayyana tazarar ba. Chile ta sha girgiza mafi girma da aka taɓa aunawa a 1960, ta tsaurara dokokin gini, ta kuma tilasta bin su. Ƙasa ce ta motsa a duka wuraren biyu, amma abin da aka ɗora a kanta aikin hannun mutum ne.

Ga ɗalibinmu mai dariya kuwa, muna da 'yar magana. Candide, wanda ya fito a 1759, zambo ne, kuma gwanin zambo ne ya rubuta shi. Malam Pangloss da ke cikinsa, wanda ke ganin alheri a cikin kowace musiba ɗaya bayan ɗaya, dodon kwaikwayo ne da aka yi wa babban kai don a yi masa dariya; Leibniz bai taɓa da'awar ya san hikimar kowane bala'i ba. Zambo yana kunyata magana, amma ba ya warware hujja, kuma Voltaire kansa bai musanta samuwar Allah ba. Muhawarar ba ta mutu ba: a 1955 J. L. Mackie ya ce samuwar sharri ta saɓa wa samuwar Allah mai iko mai alheri, a 1974 Alvin Plantinga ya mayar masa da amsa ta hanyar 'yancin zaɓin ɗan Adam, yana kuma sukar Leibniz a lokaci guda. Duk da haka, akwai wurin da kibiyar Voltaire ta sami nama, wato inda tauraron littafin ya tarar da wani bawa baƙar fata a Surinam, an yanke masa hannu da ƙafa a gonar rake, don Turawa su sha sukari. A nan ne tauraron ya fara zubar da karatun malaminsa, yana kuka. Ba girgizar ƙasa ce ta yanke wannan hannun ba. Ɗan Afirka da ya karanta littafin ya wuce wannan shafi yana ƙyalƙyala dariya, bai karanta ba.

Mu dawo gida. Ranar 1 ga Nuwamba, 2021, shekara 266 cif bayan Lisbon, bene mai hawa 21 da ake ginawa a Ikoyi ta Legas ya rufta, mutane fiye da 40 suka rasu, ba tare da ƙasa ta ko motsa ba. A Satumban 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban sashe na Maiduguri, alhali irin wannan ambaliya ta faru a 1994. Shekara 30 ke tsakani, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. A irin waɗannan ranaku kalmar ƙaddara tana da mazauninta, kuma ba mu zo ƙwace ta daga hannun kowa ba. Uwar da ta rasa ɗa, in ta ce haka Allah ya so, ta faɗi gaskiya, ta kuma sami abin dafawa a ranar da babu wani abin dafawa. Amma malamai irin su Ibn Taimiyya sun bambance: ana kafa hujja da ƙaddara a kan musibar da ta sami mutum, ba a kafa ta a kan laifin da ya aikata. Kalma ɗaya ce, a bakin mai rashi haƙuri ce da ibada, a bakin wanda aka damƙa wa kuɗin gyara kuwa hanyar tsira ce daga tambaya. Malamin da ya tsaya a gaban jama'a ya shafe wannan bambanci don kada ran babban baƙo ya ɓaci, ya sayar da iliminsa da araha.

Daga ƙarshe, kiranmu ga masu rubutu a wannan mujalla ne, ɗalibai da malamai. Waƙoƙi da labaran da ke zuwa mana sun cika da jarumai masu haƙuri waɗanda bala'i ke sauko musu daga sama ba tare da sa hannun kowa ba, sai a rufe labari da cewa duniya ke nan. Wannan rufi ne na malalaci. Ku tambayi wanda ya sa hannu a takardar izini, da wanda ya ƙirga fasinjoji ya kau da kai, da wanda ya ga tsaga a bango ya shafe ta da fenti, ku ba su suna da fuska a cikin labarin. Ku karanta Gazali da masu sukarsa, ku karanta Leibniz da Voltaire, kowanne daga tushe, domin karatun aku ba ya kare imani, ba ya kuma gina shakka mai daraja. Ko wannan duniya ita ce mafi kyawun abin da zai yiwu, sanin wannan yana wurin Wanda ya ga saƙar gaba ɗayanta. Abin da aka ba mu sani shi ne yawan sumuntin da ya kamata a zuba a ginshiƙi, da yawan mutanen da kwalekwale zai iya ɗauka, kuma a kan wannan za a tambaye mu.